Dare Uku a Timiya: Sharhi Kan Ɗan Hutun Duwatsun Abzin

Masu shirya yawon buɗe ido a Agadas suna sayar da wata tafiya ta kwana huɗu, dare uku, zuwa cikin duwatsun Abzin. Kuɗin ya haɗa da motoci kat-kat biyu da direbobinsu, ɗan jagora, mai dafa abinci da kayan kwana, a je Timiya a dawo. Ita muka gwada a watan Janairu, mu shida daga Yamai da Tawa. Tafiyar ta ci kuɗinta, amma ga wanda ya yarda ya zauna wuri ɗaya. Wanda ya ce sai ya ga Timiya da Iferwan da Bagzan duk a cikin kwana huɗu, ciwon baya zai sayo da kuɗinsa.

A fara gyara lissafin kwanaki, don nan ne mutanen kudu suke ruɗuwa. Kwana huɗun daga Agadas ake ƙirga su. Daga Yamai zuwa Agadas kusan kilomita 950 ne, ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak. Daga Tawa kuwa wajen kilomita 400. Hanyar Tawa zuwa Agadas, wadda aka shimfiɗa saboda uraniyom na Arlit, ta sha manyan motoci, kuma inda kwalta ta mutu sai a sauka gefe a bi ƙasa. Saboda haka mutumin Yamai da zai shiga motar bas sai ya ware mako guda cif, na Tawa kwana shida. A kwana ɗaya a Agadas kafin a kama hanyar dutse. Ba asara ba ce: tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2013, ga hasumiyar babban masallaci ta laka mai tsayin mita 27, kuma a wannan yinin ne za a duba motocin da ido.

Duba mota shi ne rabin tafiyar. Timiya tana wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, ta El Meki, garin da aka sani da haƙar kuza, kuma hanyar ba kwalta. Wani wuri tsakuwa ce mai kaifi, wani wuri yashin kori ne mai laushi, suna musanya da juna yini guda. A yashi direba yakan rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5 don ta faɗaɗa ta daina nutsewa. Da an fito kan dutse dole a mayar da ita sama da bar 2, in ba haka ba gefen tayar ya lanƙwashe, dutse ya yanke shi, kuma yankan gefe ba ya faci. Ma'ana, motar da ba ta da famfon iska mai aiki ba ta shirya ba. A nan kamfanin da muka ɗauka ya gaza: ɗaya daga cikin motocin taya ɗaya ta zo da ita ta ajiya, sai da aka dage kafin a ƙaro ta biyu, wannan kuwa ya ci awa biyu na sanyin safiya. A nemi ganin tayoyin ajiya biyu a kowace mota, jak da katakon da za a ɗora shi a yashi, shebur, igiyar ja, da bel na inji na ajiya. Land Cruiser mai gazuwal a irin wannan hanya tana shan lita 15 zuwa 18 a kilomita 100. Zuwa da dawowa da ƴan kewaye-kewaye sun kai kilomita 500, wato lita 90 ke nan, a ƙara bido biyu na ajiya, kada a dogara da abin da za a samu a kwalba a hanya.

Dalilin motoci biyu ba alfarma ba ne. Idan ɗaya ta mutu a inda babu rezo, ɗayar ce makanike, ita ce kuma motar asibiti.

Batun tsaro a yi shi da babbar murya kafin a biya ko dala. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin, shi ya sa direban da ya san ƙasar ba ya barin sawun da motoci suke bi don neman yanke. Akwai kuma ƴan fashi jefi-jefi, kuma a 2025 an sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Ɗan ƙasa da katinsa a aljihu ba ya cikin irin takurar da baƙon waje yake ciki, amma duk da haka a tambayi jandarmomi halin hanya a makon da za a tashi, kamfani ya ba su sunayen matafiya, kuma kada a yi tuƙin dare. Ɗan jagoranmu ɗan yankin ne, ana gaisawa da shi a kowane ƙauye, wannan ya fi kowace takarda amfani. Idan hukuma ta ce a dakata, a dakata, kuma a tabbatar tun farko an rubuta cewa za a mayar da kuɗi in haka ta faru.

Bayan awa bakwai ko takwas na girgiza, sai abin da aka zo nema ya bayyana. Ƴan kilomitoci kafin gari akwai magangarar ruwan Timiya, inda ruwa yake zubowa ta tsagin baƙin dutse ya taru a tafki a ƙasa. A Janairu ba ruwa mai ƙarfi ba ne, wanda ya ga hotunan bayan damina kada ya yi tsammanin irinsa, amma sanyinsa yana kai wa ƙashi, kuma ga mutumin da ya saba da ƙurar Yamai, jin ƙarar ruwa a tsakiyar hamada kawai ya isa. Ba a shiga da sabulu, dabbobi suna sha daga nan. Duwatsun gefen kuma suna da santsi, takalmin roba mai sulɓi ya kayar da mutane da yawa.

Garin kansa yana kwance a bakin kori mai faɗi, duwatsu sun kewaye shi, garake sun yi masa layi kore. A cikinsu akwai dabino, lemun zaƙi, babban lemu mai ɗaci-ɗaci, rumman da inabi, ƙarƙashin itatuwan kuma alkama, albasa da tumatir. Lokacin sanyi ne lokacin lemu, kuma lemun Timiya da aka tsinka da safe ya bambanta da wanda ya kwana uku a buhu kafin ya iso kasuwar Tawa. Ban ruwan ma abin kallo ne: raƙumi ko sa yana jan igiya, wasaki ya fito daga rijiya ya juye a kwararo, ruwa ya bi fangali-fangali, ko da yake injin famfo ya karɓe aikin a garake da yawa. Ba a tsinkar ɗan itace sai an yi sallama da mai garka. In aka yi, sau da yawa shi zai cika wa baƙo hannu, sai a sayi wani abu a wurinsa don a rama alheri. Harshe ba matsala ba ne. Mutanen nan Buzaye ne na reshen Kel Ewey, waɗanda ayarinsu yake ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi ya gangara da su ƙasar Hausa, don haka mazansu da yawa suna jin Hausa sarai.

A kan tudun da ke kallon garin akwai tsohon ginin sojan Faransa na shekarun 1950, wanda ake kira Fort Massu. Hawansa bai wuce rabin awa ba ga mai ƙafa lafiya. A hau bayan la'asar, lokacin da rana take jan duwatsu, a sauko kafin magariba don hanyar tsakuwa ce.

Abin da ya sa wurin yake hutar da mutum ba wani sirri ba ne. Agadas tana kan tsayin mita 500 da ɗoriya, Timiya ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Iska busasshiya ce, sauro kaɗan ne a wannan lokaci, rezo yana zuwa yana tafiya har mutum ya gaji ya ajiye waya. Da dare babu fitilar gari da za ta dusashe taurari. A zauna a bakin wuta, a sha shayi zubi uku, a ci tagalla, burodin da ake gasawa a cikin yashi da garwashi a kakkaɓe a marmasa a miya, a ɗora da cuku. Ranar biyu da ta uku ba su da wani aiki sai wannan da yawo cikin garake, kuma su ne ainihin abin da aka biya wa kuɗi.

Sanyin nan kuwa da ake yabo shi ne ya tona ajizancin kayan kwana. A Disamba da Janairu, da asuba a cikin Abzin yakan sauko kusa da digirin da ruwa ke ƙanƙara. Kamfanin ya ba da katifar soso siririya da bargo ɗaya ga kowa, alhali sanyi daga ƙasa yake shiga. A zo da bargo na biyu, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin katifa, a sa hula da safa, a ce wa mai dafa abinci ya ɗumama ruwan alwalar asuba tun yana hura wutar shayi. Man shafawa da na leɓe dole ne, hunturun can yana tsaga fata cikin kwana biyu. A zazzage takalmi kowace safiya saboda kunama. Batirin waya ma yana saurin mutuwa a sanyi, a kwana da ita cikin bargo.

Abinci matsakaici ne. Akuyar da aka yanka daren farko ta yi daɗi, daga nan sai makaroni da shinkafa suka dinga karɓa-karɓa, a garin da kayan lambu yake a bakin ƙofa. A faɗa tun a Agadas cewa a ware kuɗin cefane a Timiya. Ruwa kuwa an yi adalci: lita 5 ga kowane mutum a yini, mutum goma har da ma'aikata, kwana huɗu, lita 200 ke nan, bido takwas masu lita 25, na wanka da wanke-wanke a ɗebo a rijiyar gari. Kuɗi a riƙe su a hannu, ƙanana, jika-jika da ɗari biyar-biyar ta sefa, domin mai sayar da cuku ko maƙerin azurfa ba zai sami canjin jika goma ba.

Za a yi wa mutum tayin ƙari. Na farko shi ne a zarce Iferwan ta kangon tsohon birnin Asode, a leƙa gandun Ayar (wato Abzin) da Tenere da UNESCO ta sa a jerinta a 1991. Wuri ne da ya cancanci gani, amma yana ƙara kwana biyu a mota, kuma in aka cusa shi cikin kwana huɗu, dare ɗaya kawai za a yi a Timiya. Na biyu shi ne Bagzan, dutsen da Hausawa suka san sunansa ta dalilin dokinsa, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijar take, mita 2,022. Hawa ne na ƙafa, jakuna suna ɗauke da kaya, yana son gwiwa da kwanakinsa daban. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa da mai ƙananan yara su bar shi.

Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Afrilu zuwa Yuni zafin hanya yana wuce digiri 40, injin mota ma yana wahala. Yuli zuwa Satumba kuwa korin da ake bi a matsayin hanya yakan cika da ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa, ya taho ba tare da an ga hadari a sama ba, don haka ba a kafa zango a cikinsa, mota kuma takan yi yini tana jiran ya janye. Ranar komawa a bar Timiya da ƙarfe 6 na safe, lemun tsaraba a kwali mai huji a ƙarƙashin kujera, don wanda aka ɗaure a buhu a saman mota yakan iso Agadas a dagargaje.