Mudu, buhu ko sikeli: da wanne za ka sayi hatsin gida a Kaduna?

Duk kaka sai wani ya turo min saƙo, wai Malam in sayi buhu ne ko in riƙa awo da mudu? To bari yau in amsa gaba ɗaya kowa ya huta.

Mudu dai ba nauyi yake aunawa ba, cika yake aunawa, kuma shi kansa mudun ba ɗaya bane. Wanda ake awo da shi a Kawo ran Talata ba dole ya zo daidai da na Kasuwar Bacci ko na Santara ba, balle kuma tiyar Zariya da Kano wadda ita ta fi mudunmu girma nesa, ita ce ake lissafin 40 a buhu. Shi yasa idan ɗan'uwanka na Kano ya faɗa maka kuɗin kwano kar ka yi saurin cewa an cuce ka ko ka ci riba, ku fara tantance wane kwanon kuke magana.

Sai kuma hannun mai awo, nan ne maganar take. Akwai mai yi maka tozo har ya tare da hannu hatsin na gangarowa, akwai mai share baki ƙat, akwai kuma wanda gindin mudunsa a lotse yake ciki, an buga shi da gangan. Ni bara na auni wake mudu 10 wajen wani, fara'a kamar ɗan'uwa, har da gyara ya ƙara min, na zo gida uwargida ta ɗauko nata mudun ta sake aunawa a gabana, tara da ɗan abu muka samu, bata ce komai ba ta kalle ni kawai, wallahi gara ta yi magana. Tun daga ranar mudunta nake sawa a leda in tafi da shi kasuwa, mai gaskiya baya damuwa, wanda ya ɓata rai kuma ka san dalili. Amfanin mudu shi ne idonka na kan kayan, kana ganin tsakuwa da ƙaiƙayi da waken da ƙwaro ya huda, ga mai sayen na sati ko na wata babu abin da ya fi shi.

Buhu ya fi sauƙi in aka raba kuɗin bisa yawan mudun da ke ciki, musamman masara in kana da mai sayo maka daga Saminaka ko Giwa. Amma buhun da ake ce ma mai kilo 100 suna ne kawai, ba wanda ya ɗora shi a sikeli, wani an dinke shi da wuya wani an cika shi har da hula. Kuma saman buhu ado ne. Ka ce a soka maka ƙarfen ɗiba a tsakiya da ƙasa, in da hali ma a juye a tabarma a auna a gabanka ka biya ɗan kuɗin awon. Babbar matsalar sabuwar masara danshi, ka saya da nauyi bayan wata biyu ta bushe ta ragu, in ba sa'a ba ma ta yi fumfuna. Masarar ajiya danshinta bai kamata ya wuce kashi 13 cikin 100 ba. Ba ka da na'ura? Ciza ƙwaya ɗaya, busasshiya ƙas take fashewa, ɗanya kuma lotsewa take a haƙori. Ko ka zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ka girgiza ka ɗan ajiye, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauranta.

Sikeli ni na fi yarda da shi wajen shinkafar kamfani, tunda an rubuta kilo 50 ko 25 a jiki, sai ka ce a ɗora ka gani, don akwai masu kwance ɗinki su ɗebi mudu biyu su mayar. Shi ma sikelin ana taɓa shi fa, barin ma mai allura. Duba allurar tana kan sifiri kafin a ɗora komai, sannan gwajin da nake yi mai sauƙi ne, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka robar ruwa mai lita ɗaya da rabi in ba a buɗe ba ta ba ka kilo ɗaya da rabi da ɗan nauyin robar, in ka ga ta haura sosai ka ɗauki kuɗinka ka yi gaba.

Shinkafa 'yar Hausa kuwa kar ka tsaya kan nauyi, tsakuwa ma nauyi gare ta. Ɗebi tafi ɗaya ka baza a hannu ka ga yawan karyayya da baƙar ƙwaya, ka shinshina ko ta yi warin jiƙa.

In gidanka mutum biyar ne zuwa ƙasa kuma ba ka da wajen ajiya mai iska, tsaya a mudu. In gidan yawa ne, ku haɗa kuɗi da maƙwabci ku ɗauki buhu a Nuwamba ko Disamba lokacin da hunturu ya busar da kaya, wake kuma a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki a ɗaure kowace leda daban.