Qt, WinForms ko Win32: wanne zan ɗauka don lissafin gefen taga?

Tun da aka wajabta rasit na lantarki mai QR a nan Saudiyya a Disamba 2021, kusan kowane mai baƙala, wato kantin kayan masarufi, a Jidda da Makka yana neman manhajar da zai ɗora a kwamfutar kanti, kuma yaranmu da yawa sun shigo harkar. Tambayar da ake yawan yi min ita ce da wanne za a fara cikin kayan gina manhaja irin su Qt, WinForms da Win32. Ni dai abin da nake dubawa kafin komai shi ne yadda kayan aikin yake lissafa gefen taga, wato window ɗin manhajar, don nan ne ake shan wuya.

Kowace taga girma biyu gare ta. Akwai girmanta gaba ɗaya, har da gefe da sandar sama mai suna da maɓallin rufewa, sannan akwai cikin da kake zana abinka. A Windows 10 idan saitin girman abubuwa a sikirin (scale) yana 100%, ka nemi ciki 800 da 600, tagar gaba ɗaya za ta zama 816 da 639, wato fiksel 8 a hagu da dama da ƙasa, 31 a sama. Kuma a cikin 8 ɗin nan kusan 7 ba a ganinsu da ido, wurin kama taga ne a ja ta kawai.

Ni Qt nake so, ba na ɓoyewa. Sun raba abin gida biyu a fili, geometry() yana ba ka ciki kawai, frameGeometry() yana ba ka har da gefe, ka cire wannan daga wancan ka samu tazararka, shi ke nan. Abu ɗaya za ka riƙe, move() da pos() da gefe suke lissafi, setGeometry() kuma ba da gefe ba, in ka ajiye wuri da ɗaya ka dawo da shi da ɗayan to duk buɗewa sai tagar ta ɗan matsa, shi ya sa ma suka kawo saveGeometry() da restoreGeometry(), ka yi amfani da su ka huta. A Linux kuma kar ka tambayi girman gefe sai taga ta bayyana tukunna. Qt 6 da ya fito ƙarshen 2020 yana kula da sikirin mai 125% ko 150% da kansa. Babban abin da ya sa na manne masa shi ne Larabci, don a nan ba mai kantin da zai karɓi manhaja ba Larabci. Ka juya shi daga dama zuwa hagu, maɓallai za su sauya wuri amma lissafin fiksel yana nan daga hagu yadda ka saba. In Python kake yi, hanyoyin amfani da Qt biyu ne, ka ɗauki PySide6, lasisinsa LGPL ne, ba ya tilasta ka buɗe kod ɗinka, PyQt kuwa GPL ne, wanda ke tilasta ka buɗe shi, ko ka biya, ga mai niyyar sayarwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

WinForms ba laifi in Windows kaɗai za ka yi, sa ClientSize ka bar Size. Electron yana da useContentSize amma Chromium guda, wato burauza, yake ɗauke da shi, tsohuwar kwamfutar kanti za ta yi ta nishi. Tkinter na Python a bar wa masu koyo. Win32 zalla kuwa sai mai haƙuri, AdjustWindowRectEx, mai lissafa masa gefe, bai san menu ya karye layi biyu ba, sai 2016 aka kawo AdjustWindowRectExForDpi mai kula da sikirin mai 125% ko 150%, kuma in ka kunna WS_EX_LAYOUTRTL don Larabci, sifilin da ake fara ƙirga fiksel yana komawa dama, ClientToScreen ya ba ka hagu ya fi dama yawa.

Amma ɗan uwa, abin da ya fi zaɓen nan muhimmanci shi ne masu sayar da kod a guruf-guruf na Telegram da WhatsApp. Na taɓa biyan riyal ɗina na sayi irin wannan wajen wani, hotunan da ya turo tsaf, da na ɗora a laptop ɗin mai kanti mai 150% sai ƙaramar tagar kuɗi ta hau kan maɓallin biya, ƙasan rasit ya yanke, mutumin ga layin kwastoma a gabansa yana ta kirana. Na buɗe kod ɗin sai ga +8 da +31 an rubuta da hannu ko'ina, wlh har cikin ɓangaren firinta. Mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya. Irinsu suna da yawa, hoton bidiyo suke nuna maka a kwamfutarsu mai 100% da Windows na Turanci, inda lambobin suke daidai. Wasu ma har Visual Studio da aka fasa suke haɗa maka wai kyauta ce, alhali Visual Studio Community kyauta yake ga mai aiki shi kaɗai, abin da suka cusa a cikin nasu Allah kaɗai ya sani. Kar ka tura ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, sai ka karɓi gwaji ka ɗora a taka kwamfutar, ka kai sikirin 150%, ka juya manhajar zuwa Larabci, ka jona sikiri na biyu ka ja tagar can. Sannan ka ce ya buɗe kod ɗin a gabanka ka nemi 31, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.