Sharhi a kan Ryzen 9 9950X3D da kayan da suka dace a haɗa shi da su

Duk wanda ya so ya haɗa kwamfuta guda ɗaya wadda za ta yi masa aikin neman abinci da rana, sannan ta ɗauki manyan wasanni da daddare, ya san cewa an daɗe ana tilasta masa ya zaɓi ɗaya ya haƙura da ɗaya. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan yana da cibiyoyi da yawa, wato ƙananan sassan da suke raba lissafi a tsakaninsu, yana gama aikin tace bidiyo da wuri, amma a wasa sai ƙanensa mai cibiyoyi takwas ya wuce shi, shi kuwa ƙanen idan aka ɗora masa aiki mai nauyi sai ya gaza. Kamfanin AMD ya fitar da Ryzen 9 9950X3D a watan Maris na 2025 a kan dala 699 domin ya raba wannan gardama. A kansa na haɗa kwamfutar da nake tace bidiyo da fitar da zanen gine-gine da ita a Kano, kuma bayan watanni ina amfani da ita, hukuncina shi ne firosesan ya cika alkawarinsa, sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan kayan da aka kewaye shi da su, kuma a nan ne akasarin kuɗi suke salwanta.

Firosesan yana da cibiyoyi 16 masu ɗaukar layin aiki 32, gudunsa yana kaiwa gigahaz 5.7, kuma an ƙiyasta masa wat 170. Abin da ya bambanta shi da Ryzen 9 9950X na yau da kullum shi ne ƙarin ma'ajiyar kusa, wato ɗan wurin da firosesa yake ajiye bayanan da yake yawan komawa gare su domin kada ya riƙa zuwa RAM, wato babbar ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, a kowane lokaci. An ƙara masa megabait 64, jimillar babbar ma'ajiyar ta zama 128. Wasanni suna matuƙar son wannan ƙari, domin lissafinsu ƙanana ne masu maimaituwa, kuma kowane jinkiri wajen ɗauko bayani yana bayyana a allo a matsayin ɗan tsaiko. A tsarin da ya gabata, irin na 7950X3D, ana ɗora ƙarin ma'ajiyar ne a saman cibiyoyin, sai ta zama kamar bargo tana tare zafi, dole aka rage musu gudu. A wannan karon an mayar da ita ƙarƙashi, cibiyoyin suka koma kusa da na'urar sanyaya, shi ya sa firosesan bai yi asarar gudun aiki ba domin ya samu na wasa.

Akwai wani abu da mai saye ya kamata ya fahimta tun kafin ya biya kuɗi. Cibiyoyin 16 ba a dunƙule suke wuri ɗaya ba, an raba su gida biyu, takwas-takwas, kuma gida ɗaya ne kawai yake da ƙarin ma'ajiyar. Idan aka buɗe wasa, direban AMD tare da manhajar Game Bar ta Windows su ne suke gane cewa wasa ne, sai su tura shi gidan da yake da ma'ajiya, su kwantar da ɗaya gidan. Ma'ana, a lokacin wasa mutum yana amfani ne da rabin abin da ya saya. Wannan ba aibi ba ne, haka aka tsara shi, amma yana nuna cewa wanda wasa kaɗai ya dame shi ba shi da hujjar sayen wannan firosesa. Ryzen 7 9800X3D, wanda ya fito a Nuwamba na 2024 a kan dala 479, shi ne wannan gida mai ma'ajiya shi kaɗai, kuma a wasa kusan kunnen doki suke yi. Rarar dala 220 ta fi amfani idan aka ƙara ta a kuɗin katin hoto. Wanda kuwa wasan ƙwallon ƙafa kawai yake bugawa da abokai, ko rabin wannan kuɗi bai kamata ya kashe ba.

Inda na ga bambanci da idona shi ne lokacin da ayyuka suka haɗu. Nakan bar manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve tana fitar da bidiyo mai tsawo, in buɗe manhajar zane ta Blender in ci gaba da gyaran wani zane, kuma linzami bai taɓa yi mini nauyi a hannu ba. A tsohuwar kwamfutata mai cibiyoyi takwas, da zarar na danna maɓallin fitarwa sai in tashi in tafi shan shayi, domin babu abin da za ta ƙara yi sai ta gama. Amma gaskiya ita ce ba kowace manhajar aiki ce take cin moriyar cibiyoyi 16 ba. Manhajojin zanen gini irin AutoCAD da Revit, a yawancin abin da suke yi, cibiya ɗaya ko biyu suke matsa wa, Lumion kuwa katin hoto take dogara da shi. Mai zanen gine-gine da waɗannan ne kawai kayan aikinsa zai iya sayen wannan firosesa ya ga bai ji wani canji na a zo a gani ba.

Abokin hamayyarsa na kai tsaye lokacin da ya fito shi ne Core Ultra 9 285K na Intel, mai cibiyoyi 24, wanda ya fito a Oktoba na 2024 a kan dala 589. A aiki suna kusa da juna, kuma masu tace bidiyo suna yaba yadda ɓangaren Quick Sync na Intel yake buɗe faifan kyamara masu nauyi, amma a wasa yana bayan 9950X3D. Abin da ya ƙara karkatar da ni shi ne AMD ta yi alkawarin ci gaba da tallafa wa mazaunin AM5, wato gurbin da ake sa firosesan a ciki, har zuwa 2027 da bayanta, wanda yake nufin zan iya sauya firosesa nan gaba ba tare da na jefar da madabod, wato babban faifan da ake dasa dukkan kayan kwamfuta a kansa, ba.

Katin hoto shi ne ya fi hana ni barci, kuma shi ne ya fi kowane ɓangare tsada. GeForce RTX 5090 na kamfanin Nvidia yana da gigabait 32 na ma'ajiya, farashinsa na hukuma lokacin fitowarsa a 2025 dala 1,999, kuma yana jan wat 575. RTX 5080 yana da gigabait 16, ya fito a kan dala 999, yana jan wat 360. A takarda babu wata gardama, na farkon ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne lissafin wuta. Idan aka haɗa wat 575 da kusan 200 da firosesa yake kaiwa idan ya ɗauki kaya, aka ƙara allo da fankoki da sauran tarkace, kwamfutar ta doshi wat 900. Batirin inbata na gubar nan da aka saba da shi, mai bolt 12 da amfiya 200, yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma rabin wannan ne kawai ake iya ja ba tare da an kashe shi da wuri ba. Wato batir ɗaya cikakke ba zai kai awa ɗaya da rabi ba yana riƙe da irin wannan kwamfuta. A garin da wutar lantarki take zuwa ta tafi ba sallama, wanda ya sayi 5090 ya sani cewa ya sayi ƙarin batura da faifan sola tare da shi. Ban da wannan, duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗaki, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, zama kusa da irin wannan akwati tamkar zama ne kusa da dutsen guga da aka manta a kunne.

Na ɗauki 5080, kuma a wasa ban yi nadama ba ko a allo mai ƙarfin 4K. Ƙorafina ɗaya shi ne gigabait 16 sun yi kaɗan ga kati mai wannan farashi. A Blender, idan zane ya cika da itatuwa da kayan ɗaki masu nauyin launi, ma'ajiyar kati ce take fara cika tun kafin ƙarfinsa ya ƙare, kuma wanda yake son gudanar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa zai ci karo da wannan katanga da wuri. Ga irin wannan mutum, RTX 4090 na 2022 mai gigabait 24, idan ya same shi da lafiyarsa, har yanzu abin dubawa ne. Radeon RX 9070 XT na AMD, mai gigabait 16, wanda ya fito a 2025 a kan dala 599, ya yi kyau ƙwarai a wasa, amma manhajojin aiki da yawa an gina su ne a kan CUDA, wata fasahar da katunan Nvidia kaɗai suke da ita, shi ya sa ban sa shi a lissafi ba.

A kan RAM na yi kuskuren da ya kamata in faɗa. Wani mai shago ya ba ni shawarar in cike ramuka huɗu na madabod da sanduna huɗu, yana cewa hakan ya fi ƙarfi kuma ya fi kyan gani, ni ma ban bincika ba na amince. Kwamfutar ta riƙa daɗewa kafin ta tashi, fitilar gargaɗi ta madabod tana kunne, wani lokaci kuma ta koma ƙaramin gudu da kanta. Daga baya na karanta abin da AMD ta rubuta da kanta: da sanduna biyu ta lamunce gudun 5600, da sanduna huɗu kuwa 3600 kacal. Na mayar da su, na ɗauki sanduna biyu masu gigabait 48 kowanne a gudun 6000, na kunna EXPO, saitin da yake sa RAM ta yi cikakken gudunta, a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, matsalar ta kau. Gudun DDR5-6000 shi ne inda wannan firosesa ya fi samun natsuwa, kuma biyan kuɗin abin da ya haura haka ba ya dawo da riba mai yawa. Wanda aikinsa yake buƙatar ɗaruruwan gigabait da katunan hoto biyu ko uku ya wuce wannan aji, firosesan AMD na manyan ayyuka, Threadripper, shi ne nasa, mai hanyoyin RAM huɗu ko takwas maimakon biyu.

Madabod kuwa a nan ne ake yawan biyan kuɗin ado. Masu lambar X870E suna zuwa da USB4 da ramuka da yawa, amma mai kyau daga ajin B850 yana ɗaukar wannan firosesa ba tare da ya rage masa komai ba. Abin dubawa shi ne littafin da yake cikin kwali, domin a wasu allunan idan aka sa SSD, wato ma'ajiyar da ake adana fayil a ciki, a wani rami na musamman, sai a rage wa katin hoto hanyoyinsa daga 16 zuwa 8. Shi ma SSD na ƙarni na biyar, mai karanta sama da megabait 14,000 a daƙiƙa, ya kusan ninka na ƙarni na huɗu irin Samsung 990 Pro mai 7,450, amma wasa ba ya buɗewa da ninkin sauri saboda haka, kuma yana da zafi. Na gwammace biyu na ƙarni na huɗu, ɗaya na Windows da manhajoji, ɗaya na faifan aiki.

Fawa-fak, wato akwatin da yake raba wa kayan kwamfuta wuta, shi ne wurin da ban yarda a yi rowa ba. Nvidia ta ba da shawarar wat 850 ga 5080 da wat 1,000 ga 5090, ni kuwa na sa mai 1,000 na tsarin ATX 3.1, wanda yake zuwa da wayarsa ta kai tsaye zuwa kati. Wannan waya mai ɗaukar wat 600 ta yi ƙaurin suna tun zamanin 4090, lokacin da aka samu rahotannin narkewar kanta, galibi inda ba ta shiga ta zauna daram ba. Sai an tura ta har an ji ta yi ƙas, kuma kada a lanƙwasa ta daf da bakinta domin a samu a rufe gilashin akwati. Ita ma UPS, na'urar batirin da take riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, sai a kula da ita, domin lambar VA da aka rubuta a jikinta ba ita ce wat ba, mai 1,500 yawanci wat 900 zuwa 1,000 take bayarwa, kuma fawa-fak na zamani ya fi jituwa da wadda take fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi.

Firosesan ba ya zuwa da na'urar sanyaya a kwalinsa, kuma iyakar zafinsa digiri 95 ce, daga nan sai ya fara rage gudu da kansa. Na sa masa mai ruwa mai fanka uku, Arctic Liquid Freezer III 360, kuma ko da rana tsaka yana riƙe gudunsa. Babbar mai iska irin Noctua NH-D15 ma za ta iya, kuma tana da fifikon cewa babu famfo a cikinta da zai mutu wata rana a wurin da samun madadinsa sai an yi oda daga waje. Akwatin da na zaɓa mai raga ne a gaba maimakon gilashi, da matatar ƙura da ake zarewa, na kuma sa fankokin shigar da iska su fi na fitarwa yawa domin kada ƙura ta riƙa kutsawa ta kowace kafa. A lokacin hunturu, mako biyu sun isa matatar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari, shi ya sa na ɗauke akwatin daga ƙasa na ɗora shi a kan tebur, kuma duk bayan mako biyu, ranar Asabar, nakan zare matatar in wanke ta, in bar ta ta bushe sarai kafin in mayar.