Kafin ka sayi waya ko rauta mai 5G a Kebbi

Ƙanena yana sana'ar POS a kasuwar Jega. Da ya tara kuɗin canza na'urar da yake samun intanet da ita, sai ya kira ni: "Yaya, in ƙara kuɗi in ɗauki mai 5G, ko in tsaya a 4G?" Na ce masa kada ya biya ko kwabo sai mun zauna, domin 5G iri biyu ne, kuma alamar da ke fitowa a saman waya ba ta nuna maka wanne ka kama.

Duk wanda ya taso yana murɗa rediyo yana neman mitar da tasha take ya riga ya san rabin zancen. Kowane kamfanin waya yana da zangon mita, wato yankin mitoci, da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba shi lasisi a kai, kuma abin ba arha ba ne. A gwanjon Disamba 2021, MTN da kamfanin Mafab kowanne ya ci fili mai faɗin 100MHz a zangon 3.5GHz kan dala miliyan 273.6. Airtel ya samu nasa daga baya. MTN ya fara 5G a 2022, Airtel a 2023. Wannan shi ne iri na farko: sabon fili mai faɗi, gudu kamar iska. Aibinsa ba ya zuwa nesa, bango mai kauri kuma yana cinye shi. In ba ka kusa da ƙarfen sabis ɗin da aka ɗora shi a kai, labari kawai za ka ji.

Iri na biyu shi ne wanda injiniyoyi ke kira DSS. Kamfani bai sayi sabon zango ba, sai ya ɗauki wanda 4G ke kai ya sa 4G da 5G su riƙa karɓa-karɓa a cikinsa, rabon yana iya sauyawa duk kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, gwargwadon masu buƙata a kowane ɓangare. Mai noman rani a fadamar Argungu zai gane wannan nan take. Injin ban ruwa ɗaya ne, gonaki biyu, ana juya tiyo nan da can. Kowa ya samu ruwa, amma ruwan bai ƙaru ba, har ma kaɗan yana zubewa wajen juyin. Dabara ce mai kyau ga kamfani, tana kai 5G wurare masu nisa ba tare da jiran sabon lasisi ba. Ga mai saye kuwa, ma'anarta ita ce waya na iya nuna 5G alhali gudun na 4G ne. An ga haka a Amurka lokacin da kamfanin waya na Verizon ya baza 5G ta wannan hanya a 2020, masu gwaji suka tarar a wurare da dama bai fi 4G ba. Saboda haka ba alama ake saye ba, zangon da na'ura ke iya kamawa ake saye.

Ga mai POS, mai sayar da albasa a Aliero da ke tura hotunan buhuna ta WhatsApp, ko ɗalibin da ke duba sakamako, ƙaramar MiFi (na'urar aljihu mai ɗaukar layi tana raba intanet ta Wi-Fi) ko rauta ta 4G ta wadatar, kuma ni ita nake fara ba mutane shawara. Tana da arha, MiFi tana da batir, ɗauke wuta ba ya tsayar da ciniki. Sai dai a juya kwalin a karanta lambobin zangunan da take kamawa, a nemi B3, B7, B20 da B28. Biyun ƙarshe, wato 800MHz da 700MHz, su ne masu tafiya nesa da ratsa bango, su ne abokan mutumin ƙauye. Glo ya fara 4G ɗinsa a kan B28, shi ya sa wayoyi da yawa suka kasa kama shi a farko. MTN kuma yana da B20.

Ni wannan darasi da kuɗina na koye shi. Na taɓa sayen waya tokumbo mai kyau ƙwarai, ashe don kasuwar ƙasar Sin aka ƙera ta, babu B20 a cikinta. A Birnin Kebbi ba ta da matsala. Da na je gaisuwa ƙauyenmu, ina zaune kan tabarma ɗaya da ɗan wana, layinmu iri ɗaya, tasa ƙaramar waya tana buɗe bidiyo, tawa kuwa sai da na fita bakin rijiya ina ɗaga ta sama kafin saƙo ɗaya ya tafi.

Rauta mai 5G tana da masu ita: shagon kwamfuta da ke yi wa yara rajistar JAMB, ofishin da mutum goma ke aiki lokaci guda, mai ɗora bidiyo kullum. A tabbata tana da n78, lambar zangon 3.5GHz ke nan. Yawancinsu wutar bango suke so, don haka a lissafa sola ko inbata cikin farashi. Kuma kada a saya kafin a gwada a daidai ɗakin da za a ajiye ta. Aro wayar wani mai 5G, ka auna gudu da safe, ka sake aunawa bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. In lambar ba ta yi wa ta 4G nisa sosai ba, riƙe kuɗinka.

Akwai zaɓin da ake rainawa: rautar 4G mai wurin ɗaura eriyar waje. Eriya a kan dogon ƙarfe bisa rufi, tana fuskantar ƙarfen sabis, takan gyara abin da waya mai tsada ta kasa.

Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a Janairu 2023, bai dogara da ƙarfen sabis na gari ba. Kuɗin kayan da na wata-wata masu nauyi ne, yana cin wuta, ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi. Ya dace da makaranta ko asibitin da ke nesa da sabis, ko 'yan kasuwar da za su haɗa kuɗi, ba mutum ɗaya mai teburin POS ba.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: a sayi wadda ke karɓar kowane layi. Tun 2018 NCC ta ba kamfanoni damar sayarwa, ba da haya ko raba zango a tsakaninsu, don haka layin da ya fi ƙarfi a unguwarku bana zai iya zama wani baɗi. Rautar da aka kulle wa layi ɗaya tana da sauƙin kuɗi ranar saye, amma ta ɗaure ka.

Ƙanena ya ɗauki MiFi ta 4G marar kulle, mai dukkan zangunan nan huɗu, ya sayi layi biyu. Ya gwada ta ranar kasuwa da azahar, lokacin da cunkoso ya fi yawa, kafin ya cika kuɗin. Ragowar ya sayi ƙaramin faifan sola da shi.