Daga Bodo zuwa Svolvaer a jirgin ruwan Hurtigruten

Tun da na dawo Samaru daga taron da ya kai ni arewacin ƙasar Norwe a watan Yuni, abokan aiki suke tambayata ko kuɗin da na kashe wajen shiga jirgin ruwa ya biya. Amsata ita ce ya biya, amma da sharaɗin mutum ya yanki tikitin gajeren zango kamar yadda mazauna yankin suke yi.

Jiragen Hurtigruten, masu jigilar fasinja da kaya tsakanin garuruwan bakin tekun Norwe, sun fara aiki a shekarar 1893 a ƙarƙashin Kyaftin Richard With, kuma a yau layin yana tashi daga Bergen ya ƙare a Kirkenes kusa da iyakar Rasha, yana yada zango a tashoshi 34. Zuwa da dawowa kan ci kusan kwana 12, wanda ba aljihun malamin jami'a ba ne. Ni na shiga a Bodo da rana, na sauka a Svolvaer, babban garin tsibiran Lofoten, bayan kimanin awa 6, don haka ban buƙaci ɗakin kwana ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin bai manta asalinsa ba. Duk da masu yawon buɗe ido da suka cika bene da kyamarori, a ƙasa motar kasuwa ce ta mutanen bakin teku. A Stamsund mun tsaya na ɗan lokaci kaɗan, aka buɗe ƙofar gefe, aka sauke kaya aka ɗora wasu, fasinjoji suka fita, sannan muka tashi a kan lokacin da aka rubuta. Wanda ya saba zaman jiran mota ta cika a tashar Kwangila zai fahimci dalilin da ya sa na duba agogo har sau biyu.

Tsallake mashigin Vestfjorden ne ya gwada ni. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne kogin Galma da madatsar Kubanni ba shi da ta cewa idan igiya ta fara ɗaga jirgi tana saukewa. Jiri ya kama ni, sai da na fita waje na kafa ido a kan duwatsun da ke gabanmu kafin zuciyata ta kwanta. Duwatsun nan sun miƙe ne kai tsaye daga cikin ruwa kamar ganuwa, da sauran ƙanƙara a kawunansu, ƙauyukan masunta kuma suna maƙale a gindinsu da jajayen ɗakunan katako a kan turaku.

A wajen gari na ga rumfunan itace da ake shanya kifi a kansu. Kifin yakan gangaro daga tekun Barents tsakanin Janairu da Afrilu domin ya yi ƙwai, a kama shi, a rataye shi watanni iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba. Shi ne busasshen kifin nan mai taurin itace da ake kira okporoko a kasuwar Sabon Gari, kuma Najeriya tana cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan. Shekara da shekaru ina wuce shi a kasuwa ban taɓa tambayar inda ya fito ba.

Musulmin da zai yi wannan tafiya ya shirya wa abu biyu. Abinci a Norwe yana da tsada ko'ina, saboda haka guzurin dabino da burodi ya taimake ni, a cikin jirgin kuma kifi na ci. Na biyu shi ne salla, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Lofoten. Na haɗa azahar da la'asar kafin mu tashi, magariba da isha kuwa na bi lokacin Makka kamar yadda Musulmi da yawa na arewacin ƙasar suke yi, na yi su a masauki, hasken rana yana ratso labule.