Irin wake SAMPEA 20-T: abin da ya yi mini a gona da abin da bai yi ba

Duk wanda ya taɓa noman wake a ƙasar Zazzau ya san tsutsar nan mai cin fure da huda kwasfa, wadda malaman gona ke kira Maruca. Wake zai yi kyau ya rufe kunya, ka fara lissafin buhuna, sai ka ga fure na zuba. Saboda ita na sayi SAMPEA 20-T na shuka a gonata da ke wajen Bomo.

Irin na gida ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta fitar da shi, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. An sa masa ƙwayar halitta daga wani ƙanƙanin halitta na cikin ƙasa da ake kira Bt, shi ya sa tsutsar ke mutuwa in ta ci. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta, ta amince da shi a farkon 2019, a ƙarshen shekarar kuma aka ba da izinin sakin sa ga manoma.

Kan tsutsa dai ya cika alkawari. Lokacin fure na riƙa bin kunya ina buɗe kwasfa, da ƙyar na ga mai huji, alhali gonar maƙwabcina mai waken gargajiya tana shan feshi kusan kowane mako. Wanda ya saba feshi shida zuwa takwas a damina, da wannan biyu kan ishe shi, kuma haka na gani. Kuɗin magani ya ragu, bayana ma ya huta da goyon famfo. Yana nuna cikin kwana saba'in da 'yan kai, ƙuduji kuma bai dame shi ba.

Sai dai kada mai shago ya ce maka ba ya son feshi ko kaɗan. Darɓa na hawansa, ƙwarin da ke tsotsar kwasfa ma haka. Ƙwayarsa fara ce matsakaiciya, ba ta kai kanannado girma ba, kuma 'yan kasuwa sukan taya manyan ƙwaya da tsada. Harawarsa ma ba ta kai ta mai yaɗo ba, mai tumaki ya san da wannan. A tukunya kuwa ba mu ga aibu ba, uwargida ta yi ƙosai da alale, yara sun cinye.

Abin da ya fi damuna yana bayan girbi. Irin ba ya hana ƙwaro huda wake a buhu, kuma a nan ne mutanenmu ke zuba fiya-fiya. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015, bayan an sami maganin ƙwari fiye da ƙima a cikinsa. Wane amfani ne ka rage feshi a gona, sannan ka zuba guba a abin da 'ya'yanka za su ci? Ni buhun PICS mai leda biyu a ciki nake sa wa, in ɗaure tamau, ƙwaron ya mutu don rashin iska.

Na ji masu cewa irin ba ya tsira in an sake shukawa. Na ajiye kaɗan na gwada, ya tsira. Amma ban ga laifin mai tsoro ba, domin bayani bai isa ƙauyuka ba, kuma haƙƙin hukuma ne ta fito ta yi wa manoma shi da Hausa, a rediyo da ranar kasuwa.

Wajen saye a kula. Wani ɗan'uwana ya sayi wake a mudu aka ce masa shi ne, tsutsa ta cinye gonar. Sahihin iri a ƙunshe yake zuwa, da sunan kamfani da shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC, wasu har da lambar da ake kankarewa a tura ta waya don tantancewa. In mai shago ya kasa nuna maka wannan, riƙe kuɗinka ka shiga Samaru ka tambayi malaman gona inda dillalan da aka amince da su suke. Bana zan ƙara masa fili, kanannado kuma in bar masa gefe saboda harawa.