Hayar Gida a Zanzibar Kafin Yara Su Watse: Abin da Ya Gamsar da Ni da Abin da Bai Yi Ba

Duk iyayen da 'ya'yansu suka girma, kuma suke son a fita hutu tare kafin kowa ya kama gabansa, shawarata ita ce su kama hayar gida sukutum, kada su kama ɗakunan otal. Haka muka yi a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, a ƙauyen Jambiani da ke gabashin Unguja, babban tsibirinta. A kan gidan zan yi sharhi, da direban da mai masaukin ya haɗa mu da shi, da kuma yawace-yawacen da aka shirya mana. Wasu sun gamsar da ni ƙwarai, akwai kuma wanda ba zan sake ba da kuɗina a kansa ba.

Auren babbar 'yarmu ya matso, mai bi mata ya samu aiki a wani gari mai nisa, auta kuma zai tafi jami'a. Abbansu ne ya ce a fita tare tun ana iya tara su wuri ɗaya. Mun zaɓi Zanzibar saboda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ba mu da fargabar abin da za a zuba mana a faranti, kuma duk inda ka juya akwai masallaci kusa.

Dalilin da na fifita gida a kan otal shi ne na san halin manyan yara. Ka ba kowa makullin ɗakinsa, zai shige ya rufe ƙofa da wayarsa, ba ka sake ganinsa sai lokacin cin abinci, shi ma a cikin baƙi da hayaniya. A gidan da muka kama falo ɗaya ne, teburin cin abinci ɗaya, da baranda mai faɗi da ke kallon teku. Ko mutum bai yi niyyar hira ba sai ya tsinci kansa a cikinta. Kowa yana da ɗakin kwanansa, saboda haka ba a takura kowa ba, amma da zarar ya fito ɗaki to cikin 'yan'uwansa ya faɗo. Rabon da in ga su ukun sun zauna suna tsokanar juna har dare ya raba tun suna makarantar sakandare.

Gidan ya zo da mai dafa abinci, wata dattijuwa 'yar ƙauyen, kuma ita ce rabin darajar kuɗin da muka biya. Da safe za ta tambayi abin da muke so, ta sayo kifi a hannun masunta da suka dawo daga teku, ta dafa shi da ruwan kwakwa da kayan ƙamshi. Shinkafarsu da suke kira pilau, wadda ake dafawa da kanumfari da kirfa da masoro, ita ce auta ya riƙa roƙo a maimaita. Ba ta hana kowa shiga kicin ba. Babbar 'yata ta lizimce ta da littafi da biro tana rubuta yadda ake kankare kwakwa a tace ruwanta, da lokacin da ake zuba kowane abu. Ba su da harshe ɗaya sosai, Turancin dattijuwar kaɗan ne, Swahilin 'yata kuma bai wuce gaisuwa ba, amma sun fahimci juna.

Akwai abin da tallan gidan bai faɗa ba, kuma ya kamata a faɗa wa duk mai shirin zuwa gabashin tsibirin. Hotunan da aka saka a intanet duk na lokacin da ruwa ya cika ne, shuɗi har gindin katanga. Gaskiyar lamarin ita ce tekun wannan ɓangaren yana janyewa ya yi nisa, a wasu wuraren kusan kilomita guda, ya bar farin yashi da ƙananan kududdufai. Kusan duk bayan awa shida yake juyawa, ya tafi ya dawo, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti hamsin. Janyewar ta fi ƙarfi idan wata ya cika da kuma lokacin da sabo zai tsaya. Saboda haka wanda ya zo don ninƙaya a duk lokacin da ya ga dama zai ji an yaudare shi. Wannan ɓoyewar ban ji daɗinta ba, na kuma faɗa wa mai masaukin baki da baki cewa ya rubuta ta ƙarara a tallansa.

Sai dai a wurinmu wannan janyewar ruwan ita ta zama abu mafi daɗi a tafiyar. Ita ta tsara mana yini. Akwai jadawalin cika da janyewar ruwa manne a bangon falo, kowace safiya sai a duba shi a san lokacin wanka da lokacin tattaki. Idan ruwa ya tafi sai mu sa takalman roba, domin akwai wasu halittu baƙaƙe masu dogayen ƙayoyi a cikin kududdufan, mu nufi wajen duwatsun murjani inda igiyar ruwa ke fashewa can nesa. A hanya za ka wuce gonakin ciyawar teku, turaku a jere an ɗaure musu igiyoyi, mata zaune cikin ruwa da zannuwansu suna ɗaura sabuwa suna cire wadda ta nuna. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake wannan noma a Jambiani da maƙwabcinsa ƙauyen Paje, kuma mata ne suka fi yinsa. Sukan shanya ta a sayar wa masu fitarwa waje, wasu kuma su yi sabulu da man shafawa da ita.

Tafiya ce mai nisa, ba a sauri, waya kuma tana gida saboda tsoron ruwa. A irin wannan tattakin ne na ji maganganun da ban taɓa ji ba a gida. Wata safiya muna baya ni da babbar, sauran sun yi gaba, ta ce, "Mama, kina ganin zan iya riƙe gida kuwa?" Mun daɗe muna magana, na gaya mata abubuwan da ni ma na ji tsoro a lokacina da yadda suka zo da sauƙi. Shi ma na tsakiyan a can ya buɗe wa Abbansa cikinsa game da aikin da zai fara da zaman kaɗaici a garin da bai san kowa ba. Ba na jin da za a yi waɗannan maganganu a bakin wurin wankan otal, kiɗa na tashi, ma'aikata na kai da kawowa.

Gidan yana da nasa matsaloli. Ruwan famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, ba a sha, kuma a bene ba ya zuwa da ƙarfi. Ana ɗauke wuta jefi-jefi, janaretan kuma ba a tayar da shi cikin dare, saboda haka idan aka ɗauke sai fanka ta tsaya a sha zafi. Intanet a falo kawai yake kamawa, abin da ya wahalar da na tsakiyan da yake da takardun da zai tura wa wurin aikinsa. Gidan sauron ɗaki ɗaya a yage muka same shi, amma da muka yi magana an canza kafin magariba. Duk abin da muka kai ƙorafi a kansa an saurare mu da mutunci, wannan kuma yana rage zafin abu.

Direban ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Bai taɓa makara ba, ba ya gudu, kuma idan lokacin salla ya yi shi da kansa yake neman masallacin da ke da wurin mata ya tsaya. Shi ya kai mu tsohon birnin da ake kira Stone Town, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga masaukinmu, ya haɗa mu da ɗan jagora mai lasisi. Ku nemi ɗan jagora, domin lungunan birnin ƙanana ne kuma a murɗe suke, mota ba ta shiga yawancinsu, baƙo kuma nan da nan yake ɓata. Hukumar UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mun ga ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla. Mun ga tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, da katafaren ginin Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a watan Disamba na 2020, saboda haka daga waje kawai muka kalle shi.

Wurin da ya fi taɓa mu shi ne inda tsohuwar kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873, aka gina cocin Angilika a filin. Akwai ɗakin baje tarihi da ke bayanin yadda ake kamo mutane daga cikin nahiyar a kawo su nan a sayar, da wani rami da aka sa gumakan mutane a ciki da sarƙa a wuyansu. Auta, wanda bakinsa ba ya shiru, bai ce uffan ba har muka fito. A mota ya tambayi Abbansa yadda aka yi masu salla da azumi suka yi wannan ciniki. Abbansa bai kauce wa tambayar ba, kuma hirar ta bi mu har teburin abincin dare. Wanda zai je da manyan yara kada ya tsallake wannan wuri don gudun ɓacin rai.

Kasuwar dare ta lambun Forodhani tana da kyau a gani, amma a tambayi kuɗin abu kafin a gasa, kuma a zaɓi wanda ake gasawa a gabanka. Gonar kayan ƙamshi ma ta cancanci rabin yini, ko don mutum ya ga itacen kanumfari da idonsa, wanda shi ya yi wa tsibirin suna tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id. Dajin Jozani yana kan hanyar komawa masauki, kuma a nan muka ga jajayen birai da ba a samun irinsu ko'ina sai Zanzibar. Tsibirin Changuu kuwa, inda aka gina kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, manyan kunkuransa da aka fara kawowa daga Seychelles a 1919 abin kallo ne, sai dai cunkoson ya yi yawa, ana tura ku gaba tun ba ku gama gani ba.

Abin da ya ɓata mini rai da gaske shi ne fitar kallon kifin dolfin a ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin, wadda wani kamfanin yawon buɗe ido ya shirya mana. An yi mana alkawarin jirgi namu mu kaɗai, muka tarar an haɗa mu da wasu. Rigunan kariya daga nitsewa ba su kai yawanmu ba, sai da na kafe na ce ba mai shiga kafin aka nemo ƙari. Da aka hango kifayen sai jirage da yawa suka rufa musu da gudu, ana yanke musu hanya, ana ihu ana ce wa mutane su yi tsalle cikin ruwa a kansu. Na ga uwa da ɗanta suna nitsewa suna sake fitowa can nesa, ana sake bin su. Raina bai so ba ko kaɗan, yaran ma suka ce a juya. Da na san haka abin yake, da tsohon masallacin Kizimkazi kawai za mu ziyarta, wanda rubutun da ke jikin bangonsa na alƙibla ke nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Shi kam mun shiga, mun yi nafila, kuma ya fi mini fitar tekun nesa ba kusa ba.

Game da shiri, a tabbatar da biza tun kafin tafiya, a riƙe katin rigakafin shawara idan daga ƙasar da ake neman sa aka fito. Tun watan Oktoba na 2024 hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tasu, ko da mutum yana da wata, gara a biya ta intanet a shigo da shaidar. Tanzaniya ta haramta jakar leda tun 2019, kada a cika akwati da ita. A riƙe shilin, kuɗin ƙasar, a hannu saboda ƙauye, domin ba ko'ina kati ke aiki ba. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa, akwai kuma ɗan gajere wajen Nuwamba, saboda haka daga Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗin zama. A cikin ƙauye da birni a suturta jiki, mutanen wurin suna jin zafin masu yawo da kayan wanka a ƙofar gidajensu, kuma suna da gaskiya.

Idan 'ya'yanku masu son ninƙaya ne dare da rana, ku nemi gida a Nungwi ko Kendwa a arewacin tsibirin, inda ruwa ba ya janyewa sosai, amma ku san can ya fi cika da baƙi da kiɗan dare. Idan zaman tare kuke nema, Jambiani ta fi. Kafin ku tura kuɗin kafin alƙalami ku sa mai masaukin ya turo muku hoton gaban gidan lokacin da ruwa ya janye, ku tambaye shi ko janareta na kwana a kunne, sannan ku tabbatar a rubuce cewa mai dafa abinci tana cikin kuɗin hayar.